Fuskar Zarami a Kaset

Haɗeja, 5 ga Satumba, 1994

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina Abdulwahid, a Ikko.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan jiki ƙalau, amma gidan ba daɗi. Ka san ban taɓa rubuta maka takarda ban fara da tsiya ba, tunda kakanka da kakata wa da ƙanwa ne, wasan da ke tsakaninmu gadonsa muka yi. Yau ba ni da bakin wasa.

Ƙanena Zarami ya rasu. Ranar Laraba ta wancan makon ruwa ya shanye gonakin shinkafa na wajen Kirikasamma, ya shiga da kwalekwalensa yana fito da mutane da kayansu, kamar yadda ya saba kowace damina. A sawu na huɗu kwalekwalen ya kife. Mutum uku da ya ɗauko duk sun fita, shi gwanin ruwan ne bai fita ba. Sai bayan kwana uku aka same shi a cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Ka san yadda ake yi da wanda ruwa ya riƙe kwanaki, ba a kawo shi gida. A nan bakin gaɓa maza suka sallace shi suka rufe shi.

Innarmu Yakaka ba ta ga gawarsa ba, abin da yake cinta ke nan. Duk wanda ya shigo gaisuwa maganarta ɗaya ce: "Ba a nuna min fuskarsa ba." Matarsa 'Yar'azumi tana takaba da ciki wata bakwai, cikin fari.

Mun birkice gidan nan muna neman hotonsa, babu ko ɗaya. Ka san halinsa, da ya hango mai hoto sai ya juya ƙeya. Jiya ne na tuna zuwanka na bara da kaka, lokacin da ka aro kyamarar bidiyo ta maigidanka ka bi mutane kana damunsu da ita har bakin kogi. Don Allah ka duba. Idan ya fito a ciki, ko da gefen fuskarsa ne, ka san abin da za ka yi. Ga tsohuwa tana son gani, ga kuma na ciki da wata rana zai tambaye mu kamannin ubansa.

Direban motar busasshen kifi da zai kawo maka takardar nan duk bayan mako biyu ko uku yake hanyarku. Shi za ka ba amsa.

Ni ce 'yar'uwarka,
Saude.

*

Ikko, 19 ga Satumba, 1994

Zuwa ga Yaya Saude.

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Zarami, ya karɓi shahadarsa, ya ba Gwaggo Yakaka da ke da 'Yar'azumi haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya muke, sai dai tun da na karanta takardarki na kasa taɓa aiki a shago.

Ya fito, Yaya. Wajen minti na ashirin yana tsaye a ƙarshen kwalekwale da filafilin tuƙi a hannu. Na kira sunansa, ya waiwayo yana dariya, da ya gane abin da nake yi sai ya sa hannu ya kare fuskarsa. Daga waiwayen zuwa kare fuskar bai fi numfashi uku ba. Amma shi ne sak, har tabon nan na goshinsa.

Ga kaset ɗin nan, ga kuma injin bidiyo na hannu da na gyara da kaina. Gaisuwata ke nan. Ki haɗa shi da talabijin ɗinki yadda na zana miki a bayan takardar nan. Abu ɗaya nake so ki riƙe: kaset ɗin nan ba shi da ɗan'uwa a duniya. Na so in kwafi wani kafin in aiko, amma kwana biyu babu wuta a layinmu, direba kuma ba zai jira ni ba. Idan na zo da Sallah zan taho da inji na biyu mu kwafa.

Kafin nan ki kula min da shi. Na riga na karya ɗan haƙorin da ke gindinsa, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kansa. Kada ki bari wani mai iyawa ya liƙe wurin da salatif. Duk sanda kuka gama kallo ki tariyo shi farko, ki mai da shi kwalinsa, ki ajiye shi a tsaye ba a kwance ba. Kada ya ga rana. Kada ya kusanci lasifika ko bayan talabijin, akwai maganaɗisu a ciki mai goge hoto. Na san danshin Haɗeja da damina, ki nisanta shi da bango da ƙasa, in ba haka ba fumfuna za ta kama zaren. Na kuma san Gwaggo da turaren wuta, za ta so ta turara shi saboda na Zarami ne. Ki hana ta, hayaƙi yana ɓata shi.

Tunda wurin gajere ne, akwai maɓalli mai 'yan sanduna biyu a tsaye. Da ya waiwayo ki danna shi, hoton zai tsaya cak. Sai Gwaggo ta kalle shi son ranta.

Ki rubuto min yadda aka yi.

Ƙanenki,
Abdulwahid.

*

Haɗeja, 9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga Abdulwahid.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya kai da mutanen gidanka. Ruwa ya fara ja, sauro ya karɓi aiki, amma muna nan da ranmu. Kaya sun iso. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci.

Na ɗauko talabijin ɗina daga gidana na kai ɗakin Inna. Zanenka kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma na gane. Ranar farko ban kira kowa ba, daga ni sai Inna sai 'Yar'azumi. Da ya waiwayo, 'Yar'azumi ta rufe baki da gyale ta fita. Inna kuwa ta ce, "Ina yake?" Ka san yanar da ke idonta, abu mai motsi ba ta iya kama shi. Sai na tariyo, na danna maɓallin da ka ce. Ta jawo tabarmarta har gindin talabijin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ashe da dariya ya tafi." Ranar ce ta fara cin tuwo ta cinye tun da aka yi rasuwar. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun daga nan ɗakin bai huta ba. Ka san mutanenmu da gaisuwar mutuwa, ba ta ƙarewa da sadakar bakwai. Waɗanda ruwa ya tare a Kirikasamma da Miga da Malam Madori sai yanzu suke samun hanya, ƙungiya-ƙungiya. Da ma al'ada ce mai gaisuwa ya ce, "Kun samu ganinsa kuwa?" Da can Inna sai ta sunkuyar da kai. Yanzu kowa ya shigo, kafin a kawo masa ruwa za ta ce, "Saude, nuna musu." In da wuta sai in kunna in tsayar. A yi shiru, a yi addu'a, a shafa. Tsofaffin masunta abokan aikinsa sun zo, wani har hula ya cire. Idan baƙi sun tafi ita kuma nata kallon daban, daga azahar har la'asar ta yi sanyi.

Duk dokokinka ina bi. Yana tsaye a cikin kwalinsa a saman kabad, bai ga rana ba, bai ji turare ba, ko da yake sai da muka yi faɗa da Inna a kan turaren.

Amma taubashi, injinka rago ne irinka. Idan na tsayar da hoton ba ya wuce minti biyar sai ya saki da kansa, ya mutu. Dole in tashi in tariyo in sake tsayarwa. A wuni ɗaya nakan yi haka sau goma sha, yatsana har ya yi kanta. Idan ina makaranta wajen koyarwa, na nuna wa 'Yar'azumi tana yi mata. Ka faɗa min abin da zan taɓa ya daina wannan lalaci.

Sannan wasu 'yan fararen layuka sun fara gilmawa ta kan hularsa. Ina jin talabijin ɗina ne, ya tsufa.

Inna tana sa maka albarka kullum.

Taka,
Saude.

*

Haɗeja, 21 ga Nuwamba, 1994

Abdulwahid,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Direba ya zo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya bar takardata a shagonku wurin wani, kai bai gan ka ba. Ko ka ji haushin na ce maka rago ne? In haka ne ka yi haƙuri, amma ban san yaushe ka zama ɗan Ikkon da ba a yi masa wasa ba. Ko kuwa ka ga ka yi mana kyauta ka gama da mu?

Albishirinka duk da haka. 'Yar'azumi ta sauka lafiya ranar goma ga wata, an samu mace. An raɗa mata suna Binta. Goshin nan nasa ne ta ɗauko, sauran kuwa na uwarta ne. Ranar suna mata sun cika gidan, kowa sai ta ga uban jaririya, injin bai huta ba daga hantsi har magariba.

Abin da ya sa na ƙara rubutowa, layukan nan sun yi yawa. Yanzu wata farar ɗamara ta ratsa bakinsa, dariyar ba ta fita sosai, ga ɗigo-ɗigo ko'ina kamar an watsa tsaki. Na kai talabijin wurin mai gyara ya ce lafiyarsa lau. Na kai injin, ya buɗe ya goge cikinsa da auduga da sifirit. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ko'ina a kaset ɗin tas yake fita. Kasuwa tana nan, shanu suna nan, har ni da nake harararka a ƙofar gida ina nan garau. Wurin Zarami kaɗai ne yake haka. Wata maƙwabciya ta ce alama ce ta mamaci ba ya son a dame shi. Na ce mata ta riƙe iliminta.

Inna ta rage fita tsakar gida, kullum tana ɗaki, ta matso da tabarmarta har hancinta yana kusan taɓa gilashin. Ba ta koka da layukan ba, ni ce abin yake damu. Hankalina bai kwanta ba, Abdulwahid. Ka amsa min ko da layi biyu ne.

Saude.

*

Ikko, 7 ga Disamba, 1994

Zuwa ga Yaya Saude.

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya Binta, ya ba mai jego lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kuma ba fushi na yi ba. Maigidana ne ya tura ni Kwatano harkar kaya, tafiyar mako biyu ta zama ta wata biyu. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin teburin shago.

Yaya, ku daina danna maɓallin nan. Ku daina yau ɗin nan, kafin ki ƙarasa karanta takardar.

Injin ba rago ba ne, kuma ba lalacewa ya yi ba. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramar ganga da yake juyawa da gudu yana shafar zaren kaset, ta haka yake karanta hoto. Idan kaset yana tafiya, kowane wuri shafa ɗaya ake yi masa ya wuce. Idan kika tsayar, zaren ne ya tsaya, ƙarfen bai tsaya ba. Yana nan yana gurzar wuri ɗaya, yana kankare baƙin garin da hoton yake zaune a kai. Shi ya sa masu injin suka yi shi yana saki bayan minti biyar, don ya ceci kaset. Shi yana ceto, ku kuna mai da shi. Sau goma sha a wuni, wata biyu da rabi. Da hannunku kuke goge shi, kuma abin da ya kankaru babu mai gyaran da zai dawo da shi, ko a Ikko ko a ƙasar da aka ƙera injin.

Laifina ne. Na rubuta miki dokar rana da ta turare da ta fumfuna, na manta da wadda ta fi su duka. Ni da nake gyaran injin nan kullum, a zatona sau ɗaya ko biyu za a tsayar a gani a haƙura. Na manta yadda ake gaisuwar mutuwa a gida, na manta idon Gwaggo. Na kasa yafe wa kaina.

Kin ce bakin ne ya ɓaci. To idanu da hanci da goshi suna nan ke nan. Wannan ya isa yarinya ta san ubanta. Ki cire kaset ɗin, ki naɗe shi a leda da tsumma, ki ba direban nan a wannan sawun. Zan kwafi guda uku in dawo muku da su cikin mako uku. Wanda aka kwafa Gwaggo ta tsayar da shi har ya huje, ba komai. Mako uku kawai nake roƙo.

Ƙanenki,
Abdulwahid.

*

Haɗeja, 28 ga Disamba, 1994

Abdulwahid,

Na amsa sallamarka. Jaririya tana lafiya, an yi arba'in. Sauranmu sai a hankali.

Direba zai zo maka da takarda babu kaset. Ka karanta kafin ka zage ni. "Da hannunku kuke goge shi." Na gode. Hannun nawa ne, amma wa ya rubuta "ta kalle shi son ranta"? Takardarka tana nan a jakata.

Na karanta musu wasiƙarka su biyun. Inna ta ce, "Tun yaushe ido yake cin abin da yake kallo? Yaron nan so yake ya karɓe kayansa." Na yi bayani har na gaji. 'Yar'azumi, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Inna ba, ta durƙusa ta ce, "Inna, ke kin gan shi shekara talatin da biyu. Ni na gan shi shekara biyu. Wannan jaririyar ko sau ɗaya." Inna ta juya fuska bango ta ce, "Wanda bai taɓa gani ba bai yi rashi ba. Ni na haife shi, aka rufe shi ban gani ba."

Na ga gaskiyar 'Yar'azumi. Na zare kaset ɗin na naɗe yadda ka ce, na kai gidana ina jiran direba ya gama lodi. Inna ta daina cin abinci. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. A kawo kunu ya huce a ɗauke. Kwana ɗaya, biyu, uku. Rana ta huɗu ta kasa tashi alwala sai da muka riƙe ta. Ƙanenta ya zo daga Malam Madori ya ce da ni, "Saude, za ki kashe uwarki a kan roba?"

Kai kana Ikko kana lissafin mako uku. Ni ce nake kallonta tana ƙarewa a kan tabarma. Ranar da direba zai tashi na tsaya a bakin tasha da ƙullin a hannuna, har ya miƙo hannu, sai na juyo gida da abina. Na kunna mata, ta sha kunu kofi biyu.

Mun yi sharaɗi: baƙi sun daina gani, ita ma sau ɗaya a wuni, idan injin ya saki shi ke nan. Idan ta ƙara ƙarfi zan lallaɓa ta in aiko. Na san sau ɗaya ma ci ne. Kullum in na danna ina jin kamar naman jikina nake yanka. 'Yar'azumi ta daina shiga ɗakin, tsakanina da ita sai ina kwana.

Idonsa na hagu ya fara tafiya a kaset ɗin. Kada ka rubuto min wa'azi, na san komai.

Saude.

*

Haɗeja, 6 ga Fabrairu, 1995

Zuwa ga ɗan'uwana Abdulwahid.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ina fatan azumi ya same ku lafiya. Takardunka biyu sun zo, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Ka yafe min maganganun da na yi maka. Ga kaset ɗin nan a hannun direba.

Sharaɗin sau ɗaya bai kai mako biyu ba. Idan injin ya saki sai ta ce, "Ƙara min kaɗan," ni kuma in ƙara. Na riƙa kawar da kai ina dannawa don kada in ga abin da ya rage.

Ranar Juma'a aka share ɗakin, ashe tsintsiya ta fizge wayar da ta haɗa injin da talabijin. Ban lura ba. Da azahar na sa kaset, na ƙirga a raina yadda na saba, na danna. Inna ta ce, "Yauwa, ga shi nan. Dubi yadda hular nan ta karɓe shi." Na ɗaga kai. Babu komai a gilashin, Abdulwahid, sai tsaki yana ta tafasa. Babu kogi, babu kwalekwale. Tana zaune tana murmushi tana yi masa addu'a.

Na kaɗa hannu a gaban idonta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun ranar sunan yarinyar nan ban ƙara ganin komai ba sai haske." Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Da kun sani da kun ɗauke min shi. In na ji ƙarar maɓallin nan na san yana ɗakin."

Ka lissafa da kanka. Ranar da wasiƙarka ta zo, ranar da ta daina cin abinci, ranar da na juyo daga tasha, duk ba ta gani. Da na sa kowane kaset, ko ma babu kaset, da ya ishe ta. Muna gida ɗaya na ɗauka baƙin ciki ne ya zaunar da ita a ɗaki. Malamar makaranta ce ni, ina gane yaron da ba ya ganin allo daga bayan aji, amma na kasa gane uwata.

Ban faɗa mata abin da ya faru da fuskar ba, kuma ba zan faɗa ba. Yanzu da azahar nakan kunna injin babu komai a ciki, in danna mata ta ji.

'Yar'azumi ce ban iya ɓoye wa ba. Ta saurare ni har na gama. Jiya wanta ya zo ya tafi da ita da Binta gidansu a Miga. Ta shiga ta yi wa Inna sallama, ni kuwa ta wuce ni a zaure.

Ka duba da injinan da kake da su. Idan akwai abin da ya saura, ko ido ɗaya ne, kada ka aiko min. Ka aika Miga.

Taka,
Saude.

*

Ikko, 24 ga Fabrairu, 1995

Zuwa ga Yaya Saude.

Wa alaikumus salam, barkanmu da ibada. Muna lafiya. Ki gaishe min da Gwaggo, ki ce ina nan tafe da Sallah. Babu abin yafewa tsakanina da ke, tare muka yi.

Na gwada shi a inji uku, har da na maigidana wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Na wanke zaren, na bi shi a hankali gaba da baya. Da na buɗe murfin na ɗaga shi a haske, wurin ya yi fes har ana hango yatsana ta ciki.

Yana nan tsaye a kwalekwale ya ba da baya. Da ya fara juyowa sai hoton ya watse. Idan ya dawo, hannunsa yana kan fuskarsa. Babu ido, Yaya, ko ɗaya.

Na kwafa duk da haka, guda biyu. Ɗaya yana wurina, ɗaya na ba direba ya sauke a Miga kamar yadda kika ce. Na daɗe da biro a hannu ban san abin da zan rubuta wa 'Yar'azumi ba, ƙarshe ban rubuta mata komai ba. A jikin kaset ɗin dai na sa sunansa da na babansa, da minti na ashirin, don idan Binta ta girma ta san wane ne mai riƙe da filafilin.

Ƙanenki,
Abdulwahid.